Sarauniya Eleanor: Matar da Hikaya Ta Haɗa da Salahuddin

Wajen shekarar 1260 wani mai yawon ba da labari a birnin Reims na Faransa, wanda tarihi bai riƙe sunansa ba, ya kawo wata hikaya da masu sauraro suka yi na'am da ita. Ya ce lokacin da Sarki Louis na Bakwai ya tafi yaƙi ƙasar Sham tare da matarsa Eleanor, sai labarin jarumtar Salahuddin da yawan kyautarsa ya iso kunnenta, sonsa ya kama ta. Ta aika masa ta bakin tafinta cewa in har zai iya ɗauke ta, za ta bar addininta ta zama matarsa. Salahuddin ya turo jirgin ruwa garin Taya cikin dare. Ta cika akwatuna biyu da zinariya da azurfa ta nufi bakin teku, sai wata kuyanga ta lallaɓa ta tashi sarki daga barci. Ya iske ƙafarta ɗaya ta riga ta hau jirgi. Da ya tambaye ta dalili, ta ce masa ragwantarsa ce ta ishe ta, shi bai kai darajar ruɓaɓɓen tuffa ba.

Labarin yana da daɗi a kunne, amma ɗan ƙaramin lissafi ya isa ya rushe shi. Eleanor ta taka ƙasar Sham a watan Maris na 1148. An haifi Salahuddin a Tikrit a 1137 ko 1138, wato daidai lokacin da ake shagalin bikinta da Louis. Sa'adda ake cewa ya turo mata jirgi, yaro ne ɗan shekara goma a gaban mahaifinsa Najmuddin Ayyub, ba shi da runduna balle jirgi. Duk da haka hikayar ta rayu. Mukan ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. A kan wannan matar kam ta yi furen, ta yi 'ya'yan, har ta yi jikoki.

Eleanor ta Akiten ita kaɗai ce macen da ta zama sarauniyar Faransa sannan ta zama sarauniyar Ingila. Ta rayu kimanin shekara 80, ta haifi 'ya'ya goma, uku daga cikin mazan an naɗa su sarautar Ingila. Masu ƙagaggun labaran tarihi na Turai ba su taɓa gajiya da ita ba, kuma kusan kullum abu uku suke nema a wurinta: gado, kishi da guba. Ni kuwa duk sa'adda na koma kan abin da takardun zamaninta suka ajiye, wata mace daban nake gani, wadda mafi girman aikinta ya zo bayan ta haura shekara 65, a daidai wurin da yawancin marubuta suke fara naɗe tabarmar labarinsu.

Kafin komai sai a fahimci ƙasar. A ƙarni na 12 sarkin Faransa sarki ne a suna a kan yawancin ƙasar, abin da ke hannunsa kai tsaye ɗan yanki ne kewaye da Paris da Orleans. Akiten kuwa, wadda ta miƙe daga kogin Loire har duwatsun da suka raba Faransa da Sifaniya, ta fi wannan yanki girma nesa ba kusa ba, ga gonakin inabi, ga gishiri, ga tasoshin jiragen ruwa. Mahaifin Eleanor, William na Goma, ya rasu a watan Afrilu na 1137 a hanyar ziyarar ibada a Sifaniya, bai bar ɗa namiji ba. Yarinyar da ba ta wuce shekara 13 zuwa 15 ba ta wayi gari ita ce magajiyar duk wannan. A wancan zamani magajiya irinta tamkar dukiya ce a bakin hanya, wanda ya riga kowa ɗauke ta ya aure ta, ƙasar ta zama tasa. Shi ya sa cikin wata uku aka ɗaura mata aure da yariman Faransa a Bordeaux, ranar 25 ga Yuli. Mako guda bayan haka surukinta ya rasu, ta zama sarauniya. Duk wanda ya manta cewa ƙasar nan tata ce ta gado, kuma maza biyu sun aure ta ne da ƙasar a ransu, ba zai gane komai a cikin abin da ta yi daga baya ba.

Yanzu sai mu koma Sham, domin can ne aka dasa irin. A 1144 Imaduddin Zangi ya ƙwace birnin Ruha daga hannun Turawa, wannan ya tayar da yaƙin Salibiyya na biyu. Louis ya fita a 1147, Eleanor ta bi shi, kuma tafiyarta tana da dalili na siyasa, domin mayaƙan Akiten talakawanta ne. Tafiyar ta zama masifa. A watan Janairu na 1148 Turkawa suka yi wa rundunar kwanton ɓauna a wani dutse a ƙasar Turkiyya ta yau, bayan jagoran sahun gaba, wani bafaden Eleanor, ya wuce wurin da aka ce a yada zango. Ragowar suka isa Antakiya a galabaice. Mai mulkin Antakiya a lokacin, Raymond, baffanta ne, ƙanen mahaifinta. Yana so a haɗa ƙarfi a auka wa Halab, inda Nuruddin ɗan Zangi yake ƙara ƙarfi. Louis ya dage shi Ƙudus ya nufa. Eleanor ta goyi bayan baffanta, ta ce za ta zauna a Antakiya, har ta ɗaga maganar cewa aurenta da Louis bai halatta ba saboda kusancin jini. Louis ya fitar da ita daga garin ala tilas. A watan Yuli rundunar ta yi wa Dimashƙa ƙawanya, cikin kwana huɗu ta watse. Shekara guda bayan haka Nuruddin ya kashe Raymond a fagen fama, abin da ya nuna cewa tsoron da yake yi wa Halab yana da tushe.

A lura da yadda maganar ta riƙa kumbura daga baki zuwa baki. John na Salisbury, wanda ya yi aiki a fadar Fafaroma kuma ya san mutanen da abin ya shafa, abin da ya rubuta kawai shi ne yawan kulawar da Raymond yake ba ta da doguwar hirarsu sun sa sarki zargi. Zargi ya ce, ya tsaya a nan. Bayan kusan shekara talatin, William na Taya, wanda yaro ne matashi sa'adda abin ya faru, ya rubuta kai tsaye cewa ta ci amanar aurenta. Bayan fiye da shekara ɗari mai labarin Reims ya cire baffan, ya sa sunan Musulmin da duk Turai ta fi sani. Kowane mataki ya fi na baya nisa da abin da ya faru, kuma ya fi shi tabbaci a baki. Dalilin bai ɓoyu ba. Babbar runduna da malaman coci suka yi wa alƙawarin nasara ta dawo da kunya, dole a sami wanda za a ɗora wa laifin. Masu rubuta tarihin zamanin kusan dukansu ruhubanawa ne da malaman coci, kuma a wurinsu macen da ta ja da mijinta a kan dabarar yaƙi ba za a fassara ta da komai ba sai sha'awa. Ba su da wani gurbi a tunaninsu da za su ajiye mace mai ra'ayin siyasa.

Haka ma labarin da ake yawan sakawa a littattafai cewa ita da kuyanginta sun yi shigar mayaƙa mata sun hau dawakai a gaban runduna. Asalinsa wani marubucin Rumawa ne, Niketas Choniates, da ya ambaci mata a kan dawakai cikin rundunar Turawa, ɗaya ana yi mata laƙabi da mai ƙafar zinariya. Bai kira sunan Eleanor ba. Marubutan baya ne suka cike gurbin da ita.

In ana neman alaƙarta ta gaskiya da wani sarkin Musulmi, tana nan a gidan tarihi na Louvre a Paris. Wani ɗan tulu ne na dutse mai sheƙi kamar gilashi, mai siffar ƙwaryar zuma a jikinsa, aikin Gabas. Rubutun da aka yi a gindinsa yana cewa Eleanor ta ba Louis shi sa'adda tana amarya, kakanta kuma ya same shi daga wani mai suna Mitadolus. Masana sun fi karkata ga cewa wannan shi ne Imadud Daula, sarkin Saragosa na Andalus, wanda ya yi ƙawance da kakan nata. Louis bai riƙe kyautar ba, ya miƙa ta ga mashawarcinsa Suger, shi kuma ya ba coci. Ni wannan tulun ya fi taɓa ni a kan jirgin Salahuddin, domin abu ne da hannunta ya riƙe, kuma kyautar amarya ce da ango ya bayar gaba.

Auren bai daɗe ba bayan dawowarsu. Fafaroma Eugenius na Uku da kansa ya yi ƙoƙarin sasanta su a 1149, har ya sa aka shimfiɗa musu gado guda da kayan alfarma nasa. Abin da ya biyo baya 'ya mace ce ta biyu, alhali Louis namiji yake nema. A watan Maris na 1152 taron malaman coci a Beaugency ya warware auren. Mu da muka saba da auren zumunci sai mu yi mamakin hujjar: dokar coci a lokacin ta hana aure tsakanin waɗanda suka haɗa kaka har hawa bakwai, dokar da kusan babu gidan sarautar Turai da bai taka ba, sai a 1215 aka rage ta zuwa hawa huɗu. Tun da coci ba ta yarda da saki ba, wannan doka ce ƙofar da manya suke fita in aure ya ishe su. Louis da Eleanor sun haɗa kaka a Sarki Robert na Biyu. Henry, wanda ta aura bayan mako takwas, shi ma jinin Robert ɗin ne.

Masu hikaya suna son wannan wuri ƙwarai: mace mai kusan shekara talatin ta ga saurayi ɗan shekara 19, jini ya haɗu, ta watsar da miji mai yawan ibada. Wataƙila akwai so. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne a kan hanyarta ta komawa Poitiers sau biyu aka yi yunƙurin sace ta don a aure ta dole, na farko mai mulkin Blois, na biyu ƙanen Henry ɗin kansa. Zama ba miji bai yiwuwa gare ta, abin da ya rage mata shi ne ta zaɓa kafin a zaɓa mata. Ta zaɓi mutumin da ke riƙe da Normandi da Anju, mai da'awar gadon Ingila. A watan Disamba na 1154 aka naɗa su tare a Westminster. Cikin shekara goma sha uku ta haifa masa 'ya'ya takwas, maza biyar mata uku, tana riƙon ƙasa a madadinsa in ya ƙetare teku.

Sai 1173, shekarar da ta goyi bayan 'ya'yanta uku suka yi wa ubansu tawaye. A nan ne ƙagaggen labari ya fi yi mata rashin adalci, domin ya mayar da abin kishi. Henry yana da farka mai suna Rosamund Clifford, kuma hikaya ta ce ya ɓoye ta a wani gida mai ruɗaɗɗun hanyoyi a Woodstock, Eleanor ta bi zaren siliki har ta cim mata, ta ba ta zaɓi tsakanin wuƙa da kofin guba. An yi waƙoƙi a kan wannan, masu zanen Ingila na ƙarni na 19 sun zana shi sau da dama, sarauniya baƙar fuska riƙe da kofi, yarinya fara tana makyarkyata. To Rosamund ta rasu ne wajen 1176 a gidan 'yan zuhudu mata na Godstow kusa da Oxford, kuma a lokacin Eleanor tana tsare ƙarƙashin masu gadi. Babu marubucin zamaninsu ko ɗaya da ya zarge ta da kisan, har maƙiyanta. Zargin ya fara ɓulla ne a ƙarni na 14 a wani kundin tarihin Landan, wanda ma ya rikita ta da wata Eleanor ɗin, matar Henry na Uku.

Abin da ya jawo tawayen yana nan a fili, sai dai ba shi da armashin kofin guba. Henry ya raba wa 'ya'yansa muƙamai amma ya hana su iko da kuɗin shiga. Babban ɗansa an naɗa shi sarki tun 1170, ba shi da ko ƙauye guda da yake juyawa, sai ga uban yana shirin yanke garuruwa uku masu ganuwa daga rabonsa ya ba auta John. Ita kuma Eleanor tun 1168 ta koma Poitiers tana mulkin ƙasarta tare da Richard, ɗan da aka ware wa Akiten. A farkon 1173 mai mulkin Toulouse, yankin da take da'awar gadonsa ta wajen kakarta, ya zo ya yi mubaya'a, aka sa ya fara yi wa Henry da babban ɗansa. Ma'anar wannan a wurinta ita ce ana shirin mayar da Akiten wani lardi a ƙarƙashin gidan mijinta. Henry ya nemi mata da yawa kafin Rosamund, Eleanor ba ta tayar da yaƙi ba. Da aka taɓa ƙasar ubanta ne ta tashi.

An kama ta a hanya tana ƙoƙarin isa Paris, wani marubucin Canterbury ya ce cikin tufafin maza. Wani malamin Landan, Ralph na Diss, ya bincika tsoffin littattafai ya zaƙulo misalai fiye da talatin na 'ya'yan da suka yi wa iyayensu sarakuna tawaye, bai kawo na matar sarki ko ɗaya ba. Girman abin a idonsu ke nan. 'Ya'yan an yafe musu cikin shekara biyu. Ita ta yi kusan shekara 16 a tsare, galibi a Salisbury da Winchester, ana fito da ita jefi-jefi in ana bukatar fuskarta a wani taro. Daga waɗannan shekaru kusan babu muryarta. Abin da ya rage 'yan layuka ne a littafin baitulmali: kuɗin da aka kashe a kan alkyabbu jajaye, da fatu masu gashi na sanyi, da mayafin gado mai ado, domin sarauniya da kuyangarta Amaria. Mutum ya tsaya ya yi tunani a kan wannan. Matar da ta ga Kustantiniya da Ƙudus da Rum, duniyarta ta dawo ɗaki, da kuyanga guda da aka san sunanta. A cikin wannan tsarewa babban ɗanta Henry ya rasu a 1183, ƙanensa Geoffrey ya bi shi a 1186.

Mutane da yawa a yau sun san Eleanor ne ta fim ɗin The Lion in Winter na 1968, wanda aka ɗauko daga wasan kwaikwayon James Goldman, kuma Katharine Hepburn ta ci kyautar Oscar da rawar da ta taka a ciki. An gina shi a kan taron iyali na Kirsimeti a Chinon a 1183, taron da ba a yi ba. Ban riƙe shi da wannan ba. Mai wasan kwaikwayo yana da damar ya tara mutane a ɗaki guda don ya nuna abin da ke tsakaninsu, kuma ya kama wani abu na gaskiya, wato gidan da kowa yake ciniki da ɗan'uwansa a kan ƙasa. Inda nake da ja shi ne ya sake maimaita tsoffin jita-jitar, har da ta hawan doki cikin shigar mayaƙa, ya sa su a bakinta kamar ita ce take alfahari da su.

Wannan ya kawo mu ga sabon salo. Daga tsakiyar ƙarni na 20 marubuta suka juya hoton: muguwar sarauniya ta zama gwarzuwa mai 'yancin kai, uwar mawaƙa, mai shugabantar kotun soyayya a Poitiers inda mata suke yanke hukunci a kan rigingimun masoya. Tushen kotun littafi guda ne na wani malami, Andreas Capellanus, wanda ya sa sunanta a cikin hukunce-hukuncen da ya tsara, kuma masana da yawa suna ɗaukarsa wasan adabi. Babu takardar fada da ta nuna an taɓa zaman irin wannan kotu. Kakanta William na Tara shi ne farkon sanannen mawaƙin soyayya na kudancin Faransa, wannan gaskiya ne, amma shaidar cewa ita ta riƙe mawaƙa fiye da sauran matan sarakunan zamaninta ƙalilan ce. Ko kamanninta ma haka: sun ce kyakkyawa ce, babu wanda ya faɗi launin gashinta ko na idonta, kowane marubuci yana rina ta yadda ya ga dama. Abin da na lura da shi shi ne masu zaginta da masu yabonta kayan aiki ɗaya suke amfani da shi. Ruhubanin ƙarni na 13 ya ce ta yi lalata a Antakiya, ya la'ance ta. Marubucin yau ya ce ta yi, ya tafa mata. Dukansu sun yarda da jita-jitar, kuma dukansu sun bar ta a ɗakin kwana.

Ba na cikin masu cewa mai ƙagaggen labari ya tsaya kan abin da takarda ta faɗa. In ya yi haka ba shi da labari, domin Eleanor ba ta bar mana littafin sirrinta ba, kuma shekaru sukan wuce ba a ambace ta ba. Dole ya ƙago hira, ya ƙago abin da ta ji a daren da aka fitar da ita daga Antakiya. Wannan cike gurbi ne, kuma shi ne sana'ar. Akwai ma marubutan zamani da suka yi aikin da kyau, suka karanta binciken masana, suka watsar da guba da Salahuddin, suka bayyana a ƙarshen littafi inda suka ƙara da inda suka rage. Iyakar da nake gani ita ce tsakanin cike wurin da tarihi ya yi shiru da kuma ɗora wa mutum laifin da tarihi ya wanke shi. Eleanor mutum ce da ta rayu, kuma kisan kai da cin amanar aure ba ƙananan tuhume-tuhume ba ne don wanda ake tuhuma ya shekara 800 a ƙasa.

Ga kuma abin da ake bari a baya. Henry ya rasu a watan Yuli na 1189, aka buɗe mata ƙofa tana da shekara 65 ko fiye. Nan take ta shiga zagaya Ingila tana karɓar mubaya'a a madadin Richard, ta ba da umarnin sakin fursunoni da yawa, kuma marubucin da ya kawo labarin, Roger na Howden, ya ce ta san ɗacin kurkuku a jikinta. Kaso mafi tsoka na takardun da ke ɗauke da hatiminta daga wannan lokaci suka fito. A ƙarshen 1190 ta tafi Nabara a arewacin Sifaniya ta ɗauko wa Richard amarya, Berengaria, ta ƙetare duwatsun Alps da ita cikin hunturu, ta kai ta Sisili inda yake shirin tafiya yaƙi da Salahuddin, wannan karon na gaske. Kwana huɗu kacal ta yi a can ta juyo, domin ta san abin da ta bari a baya. A 1192 John ya so ya ƙetare zuwa Faransa ya haɗa kai da sarkinta Philip a kan yayansa Richard. Ta tara manyan ƙasa a Windsor, da Oxford, da Landan, da Winchester, da roƙo da hawaye da barazanar ƙwace masa garuruwa, har ya fasa.

Akwai wani abu da ya faru a shekarar nan da ban ga an ba shi haƙƙinsa ba. Rigima tsakanin manyan malaman coci biyu ta sa an dakatar da ibada a yankin Ely, har binne gawa da addu'a ya gagara. Eleanor ta je duba gonakinta a yankin. Wani marubucin tarihi, Richard na Devizes, ya rubuta cewa duk ƙauyen da ta ratsa sai mutane su fito mata, maza da mata da yara, ƙafa ba takalmi, tufafi ba wanki, gashi a hargitse, suna kuka, gawawwakin 'yan'uwansu suna yashe a fili. Ta wuce Landan kai tsaye ta matsa wa ɓangarorin biyu har aka janye hukuncin. Shi wannan Devizes ɗin ya kira ta mace marar tamka, amma a gefen shafin sai da ya ƙara 'yar magana mai nuni ga abin da ake faɗa a kan tafiyar Sham, ya ce a yi shiru. Shekara arba'in da ɗoriya, tsegumin yana biye da ita har cikin yabo.

A watan Disamba na 1192 aka kama Richard kusa da Biyana a hanyarsa ta dawowa, aka miƙa shi ga sarkin Jamus Henry na Shida, wanda ya yanka kuɗin fansa marki 150,000 na azurfa, nauyin da ya haura tan 30. Ita ce ta tsaya a kan tara shi. An karɓi rubu'in abin da mutane suke samu a shekara, an kwashe kwanonin zinariya da azurfa na coci-coci, ruhubanawan da ba su da zinariya aka karɓi ulun tumakinsu na shekara guda. Aka riƙa zuba kuɗin a akwatuna a cocin Saint Paul na Landan ƙarƙashin hatiminta da na babban limamin Rouen, a daidai lokacin da John da Philip suke yi wa sarkin Jamus tayin kuɗi don ya ci gaba da riƙe shi. A cikin wasiƙun da aka tsara da sunanta zuwa ga Fafaroma akwai inda aka sauya laƙabin da aka saba, maimakon sarauniya da yardar Allah, aka rubuta sarauniyar Ingila da fushin Allah. Tana da kusan shekara 70 ta hau jirgi cikin sanyi ta tafi Jamus da kanta, aka saki ɗanta a Mainz ranar 4 ga Fabrairu 1194. Bayan 'yan watanni ita ce ta kawo John gaban yayansa aka sasanta.

Ta koma gidan ibada na Fontevraud don ta huta, hutun bai samu ba. A ƙarshen watan Maris na 1199 kibiya ta sami Richard a wajen wata 'yar ganuwa a Chalus, Eleanor ta yi sauri ta isa, ya cika tana wurin a farkon Afrilu. Bayan wata biyar 'yarta Joan ta rasu a wajen haihuwa. Tsakanin waɗannan rasuwa biyu ta zagaye Akiten gari-gari tana ba birane irin su La Rochelle da Poitiers takardun 'yancin gudanar da kansu, domin su tsaya wa John a kan jikanta Arthur da shi ma yake neman gadon. Ba tsarkakakkiya ba ce a nan, ta tura sojojin haya sun yi ɓarna a Anju saboda yankin ya bi Arthur, kuma ɗan da ta tsaya wa ya zama ɗaya daga cikin sarakunan da Ingila ta fi tunawa da sharri. A farkon 1200 ta sake ƙetare duwatsu zuwa Kastil ta ɗauko jikarta Blanche, wadda aka aurar wa yariman Faransa don a ƙulla sulhu, ita ce daga baya ta haifi Louis na Tara kuma ta riƙe Faransa a madadinsa.

A 1202 Arthur, yaro ɗan shekara 15, ya yi wa kakarsa ƙawanya a Mirebeau. Ta shige hasumiyar ganuwar da 'yan mutanenta, ta riƙa jan sa da maganar sulhu, ta sami hanyar aika wa John saƙo. Ya taso daga Le Mans, ya ci tafiyar kimanin mil 80 cikin kwana biyu, ya auka musu da asuba ranar 1 ga Agusta ya kama Arthur, wanda ya ɓace a hannunsa bayan 'yan watanni ba a sake ganinsa ba.

Ta rasu a ƙarshen Maris ko ranar 1 ga Afrilu 1204, makonni kaɗan bayan Faransawa sun ci babbar ganuwar da Richard ya gina don tsare Normandi. Cikin 'ya'yanta goma, takwas sun riga ta. An binne ta a Fontevraud kusa da Henry da Richard. Siffofinsu da aka sassaƙa a kan kaburburan suna nan har yau: mazan biyu da kambi da sandar mulki, ita kuma a kwance da kambinta, hannayenta biyu riƙe da littafi a buɗe.